Shin Ana Iya Gane Bindiga Daga Ƙararta?

Shin mutum zai iya jin harbi daga nesa, ko a cikin bidiyon da aka ɗauka da waya, ya ce ga irin bindigar da aka harba, ga inda aka harbo ta, har ma ya nuna wanda ya harba? Wannan tambaya tana tasowa duk lokacin da aka yi harbi a wani wuri kuma faifan abin ya bazu. Kafin masu bincike su isa, sai ka tarar an riga an yanke hukunci da kunne: wannan ya rantse cewa ƙarar AK-47 ce, wancan ya ce ai bindiga biyu ce daga wuri biyu, wani kuma ya ce tun da ƙarar ba ta yi ƙarfi ba, lalle an sa salansa. Mafi yawan masu wannan magana ba su taɓa tsayawa kusa da bindiga ana harba ta ba, abin da kunnensu ya sani daga fina-finai da wasannin kwamfuta ya koyo shi. Da musun zai tsaya a fatar baki da da sauƙi, amma a kan irin wannan "na ji da kunnena" ake ɗora wa mutane laifin jini. Don haka ya kamata a zauna a rarrabe abin da ƙarar bindiga ke iya faɗa da abin da ba ta iya faɗa.

Harbi ɗaya, ƙara huɗu

Abin da muke kira ƙarar bindiga ba abu ɗaya ba ne. Akwai ƙarar ƙarafan bindigar kanta, wato motsin kunama da guduma da sakata da sifirin, da faɗuwar kwanson harsashi a ƙasa. Wannan ce ta fi bambanta wata bindiga da wata, amma ita ce mafi rauni, ba ta wuce kunnen mai riƙe da bindigar da na wanda ke tsaye kusa da shi, sai fa idan wuri ya yi tsit.

Ta biyu ita ce ƙarar baki. Idan albarushi ya ƙone a cikin bututu, iska mai tsananin zafi da matsi ce ke tura harsashi waje, kuma da harsashin ya fita sai iskar ta biyo shi ta fashe a sarari. Fashewar ba ta wuce 'yan kashi kaɗan cikin dubu na sakan guda ba, sauran rugugin da kunne ke ji bayanta duk amsa-kuwwa ce daga bango da duwatsu da bishiyoyi. Kuma ba daidai take tafiya ko'ina ba: wanda ke gaban bindiga yana jin ta da ƙarfi ƙwarai fiye da wanda ke bayanta.

Ta uku ita ce mutane suka fi jahilta, ita ce tsawar harsashi. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan guda, harsashin AK-47 kuwa yana barin baki da gudun kimanin mita 715 a sakan, wato ya ninka sauti har da ɗori. Duk abin da ya fi sauti gudu yana keta iska da wata ƙara mai kaifi, irin wadda bakin bulala ke yi idan an kaɗa ta, tau! Wannan ƙara daga jikin harsashin take fitowa a duk tsawon hanyarsa, shi ya sa wanda harsashi ya wuce ta kusa da shi yakan ɗauka a gefensa aka yi harbin, alhali maharbin yana can nesa. A ce maharbi yana nisan mita 300: harsashi zai iso cikin kimanin rabin sakan, ƙarar baki kuwa sai ta kusa cinye sakan guda kafin ta iso. Mai sauraro zai ji tau, ɗan shiru, sa'annan dum. Wanda bai san wannan ba zai ƙirga harbi biyu daga wuri biyu, kuma zai rantse a kan haka da zuciya ɗaya, domin ba ƙarya ya yi ba a kan abin da kunnensa ya ji.

Ta huɗu ita ce ƙarar saukar harsashi a kan abin da ya sama, da fiton da yake yi idan ya daki dutse ko ƙarfe ya karkace yana tafiya yana juyi.

Daga ƙanƙara zuwa hular tagulla

Tsofaffin bindigogi su ne suka fi surutu kafin harbi. Bindiga mai ƙanƙara, wadda ta samu cikakkiyar siffarta a Faransa a farkon ƙarni na 17 kuma ake danganta ta da maƙeri Marin le Bourgeoys, ta yi mulki kusan shekara 200, kuma kowane mataki na ɗura ta yana da muryarsa. Ana zuba albarushi ta baki, a jefa dalma, a zaro sandar ƙarfe a danna su can ƙasa. Sandar nan ma tana da aiki na biyu: a lokacin duba makamai, soja yakan jefa ta cikin bututu, idan ta yi ƙara garau kamar ƙararrawa an san bututun fanko ne, idan ta sauka dim an san akwai ɗuri a ciki. Ta haka hafsa ke duba bindigogin sahu guda da kunnensa ba tare da ya leƙa ko ɗaya ba.

Gudumar da ke riƙe da ƙanƙarar tana da matsaya biyu. Idan aka ja ta baya ta yi ƙas na farko, ta tsaya rabi, kunama ba za ta sake ta ba, a nan ake zuba ɗan albarushi a kaskon da ke gefe. Ƙas na biyu shi ne cikakkiyar ɗanawa. Da an taɓa kunama sai ƙanƙara ta daki farantin ƙarfe, ƙyas, tartsatsi ya zuba a kasko, albarushin kasko ya yi fuu, wutar ta bi ta wata 'yar huda ta shiga bututu, sa'annan babban ɗurin ya tashi. Sauti uku ne a jere, kuma kunne mai natsuwa yana iya raba su. Wani lokaci kaskon yakan kama amma wutar ba ta shiga ba, sai a ji ƙyas da fuu kawai, bindiga ta yi shiru a hannun mai ita a daidai lokacin da ya fi bukatarta.

Wannan ɗan jinkiri ne ya dami Alexander Forsyth, wani limamin coci a Sikotland mai sha'awar farautar tsuntsayen ruwa. Ya lura cewa tsuntsaye suna ganin walƙiyar kasko su zabura kafin harbin ya iso su. Sai ya nemi sinadarin da ke kamawa da duka kawai ba sai da tartsatsi ba, ya yi rajistar dabarar a 1807. Daga aikinsa aka samo 'yar hular tagulla da ake ɗorawa guduma ta daka, kuma daga hular aka samo ɗan maɓallin da ke gindin yawancin ire-iren harsasan yau. Tun daga nan ƙyas da fuu suka ɓace, duka da fashewa suka haɗe a kunne suka zama abu guda.

Muryar harbin kanta ta sauya a 1884, lokacin da Paul Vieille na Faransa ya samar da albarushi marar hayaƙi, wanda aka fara amfani da shi a bindigar Lebel ta 1886. Baƙin albarushi na da yana ba da ƙara mai kauri da zurfi da farin hayaƙi mai turnuƙewa, sabon kuwa matsinsa ya fi yawa, harsashinsa ya fi gudu, ƙararsa gajera ce mai kaifi.

Lokacin da ƙarfe ya koyi magana

Da aka fara ƙera bindigogi masu ɗaukar harsashi da yawa, sai kowace ƙira ta zo da nata karin sauti. Libarbar Colt ta 1873 tana yin ƙas sau huɗu idan aka ja gudumarta a hankali, har masu sha'awarta suka ce haruffan sunan kamfanin take karantawa. Kowane ƙas yana da ma'ana: na farko matsayar kariya, na biyu rabin ɗanawa inda gangar harsashi ke sakewa a juya ta a ɗura, na uku na ɗan ƙarfen da ke tashi ya kama gangar, na huɗu cikakkiyar ɗanawa. Mai gyaran bindiga yana sauraron tazarar da ke tsakaninsu kamar yadda makanike ke sauraron inji, idan biyu suka haɗe ko ɗaya ya makara ya san wani abu ya ci a ciki, kuma ramin ganga zai iya kauce wa bututu lokacin harbi. A wurinsa wannan ƙara magana ce ta lafiyar hannun mai harbi.

Bindiga mai sakata, irin Mauser ta 1898 ta Jamus, motsi huɗu take bukata bayan kowane harbi: a ɗaga, a ja baya kwanso ya fita, a tura gaba sabon harsashi ya shiga, a kwantar a kulle. Lee-Enfield ta Birtaniya tana ɗaukar harsashi 10 kuma sakatarta ta fi santsi, har ana horar da soja ya yi harbi 15 masu saiti a minti guda. Ana ba da labarin cewa a yaƙin Mons da ke Beljiyam, a watan Agustan 1914, sojojin Jamus sun ɗauka bindigogi masu jigida ne suka tare su, alhali sahun sojoji ne masu saurin hannu. Ko labarin ya cika yadda ake faɗarsa ko an yi masa ƙari, yana nuna cewa kunnen soja ma yana ruɗuwa.

Babu ƙarar ƙarfen da aka yi wa surutu kamar ta M1 Garand, bindigar da John Garand ya ƙera kuma sojan Amurka suka karɓa a 1936. Harsasai 8 ake haɗawa a cikin wani ɗan maƙalin ƙarfe a cusa su gaba ɗaya ta sama. Da an harba na takwas, bindigar da kanta take cillo maƙalin sama, shi kuwa da yake siririn ƙarfe ne mai tauri sai ya yi wata ƙara siririya kamar an ƙyasta gefen kofin tangaran. Daga nan aka ƙulla labari cewa abokan gaba a Yaƙin Duniya na Biyu da Yaƙin Koriya sukan kasa kunne, da sun ji wannan ƙara sun san bindiga ta ƙare sai su taso; har aka ƙara da cewa sojojin Amurka sukan jefa maƙalin fanko a kan dutse don su yaudari maƙiyi ya ɗago kai. Ni dai ban ga yadda wannan zai zama ruwan dare ba. Ƙarar tana zuwa ne manne da harbi na takwas, wanda ya fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, a fagen da kowa kunnensa ya riga ya toshe, kuma soja ba shi kaɗai yake ba, abokansa na gefe suna ci gaba da wuta yayin da shi yake cusa wani maƙalin cikin 'yan sakanni. Wanda ƙarar take yi wa magana shi ne mai bindigar, tana gaya masa ya sake ɗuri. Abin da ya fi kama hankali shi ne koken da aka yi a kan bindigar Thompson ta Amurka, wadda gangarta mai harsashi 50 take kacau-kacau idan soja yana tafiya, domin a sintirin dare, inda ba a harbi, ƙaramar ƙara ce ke tona asiri.

Inda kunne ya gaza ƙirge

Hiram Maxim ya ƙera bindiga mai sarrafa kanta a 1884, wadda ke amfani da ƙarfin turin harbi ta fitar da kwanso ta ɗauko wani harsashi, tana yin kimanin harbi 600 a minti. Daga nan wani sabon abu ya shigo da kunne zai iya aunawa, wato kiɗan harbin. Harbi 600 a minti shi ne 10 a sakan, kuma kunne yana iya jin kowanne daban, ta-ta-ta-ta. AK-47 ma a nan take. Amma idan bugu ya kai kimanin 20 a sakan, kunnen ɗan Adam yakan daina raba shi, sai ya fara jin sa kamar amo ɗaya mai jan tsawo.

Wannan ne sirrin MG 42 ta Jamus, wadda ta fito a 1942 tana yin kimanin harbi 1,200 a minti, wato 20 a sakan cif. Sojojin da suka fuskance ta sun kwatanta ƙararta da yaga zane, suka yi mata laƙabi da zarton Hitler, kuma tsoronta ya kai ga rundunar Amurka ta shirya fim na horaswa don ta kwantar wa sababbin sojoji da hankali a kan ƙarar. Igwar da ke hancin jirgin yaƙi A-10, mai bututu bakwai, tana yin harbi 3,900 a minti, 65 ke nan a sakan, saboda haka ba a jin ta kamar harbi sam, sai wani gurnani mai kauri. Waɗanda ke ƙasa kuma sukan ga saukar harsasan su ji fashewarsu tukuna, gurnanin ya biyo baya.

Kiɗan harbi yana daga cikin abubuwa kaɗan da faifan waya ke adanawa da gaskiya, domin ko muryar ta lalace, tazarar lokaci ba ta lalacewa.

Abin da fim ya koya wa kunnenmu

AK-47, ƙirar Mikhail Kalashnikov da sojan Tarayyar Sobiyet suka karɓa a 1949, tana da faffaɗan makulli a gefen dama wanda ke yin ƙwas mai ƙarfi idan aka sauke shi, ga kuma sakata mai nauyi da aka bar wa sarari a ciki don ƙura da datti kada su tsayar da ita, shi ya sa take da kwaramniya. M16 ta Amurka, wadda ta samo asali daga ƙirar Eugene Stoner, tana da dogon sifirin a cikin gindinta, kuma mai harbi da ya ɗora kumatunsa a kai yana jin sifirin yana kaɗawa a cikin ƙashin fuskarsa bayan kowane harbi, abin da wanda ke tsaye taku biyar daga gare shi ba ya ji. Bindigar farauta mai famfo, irin Remington 870 ta 1950, tana da ƙara biyu da kusan kowa ya sani, ja baya da tura gaba.

Masu shirya fim sun gane cewa waɗannan ƙararraki suna tayar da tsikar jiki, sai suka riƙa zuba su ko'ina. Yawancin abin da ake ji a fim ba a wurin ɗauka aka naɗe shi ba, a ɗakin haɗa sauti ake ƙara shi daga baya. Shi ya sa za ka ga ɗan wasa ya ɗaga bindiga kawai ta yi ƙaras-ƙaras, alhali bindigar da ke kwaramniya don an ɗaga ta tana bukatar mai gyara. Za ka ji ƙarar jan guduma a kan Glock, ƙaramar bindigar Ostiriya ta farkon shekarun 1980, wadda ba ta da guduma a waje ko kaɗan. Za ka ga an ja famfon bindigar farauta sau uku don razanarwa, alhali kowane ja yana zubar da harsashi mai rai a ƙasa. Harbin kansa akan haɗa shi da wasu sautuka a ƙara masa kauri da tsawo, domin harbi na gaskiya gajere ne busasshe. Sakamakon haka shi ne mutane da yawa ba sa gane harbi na gaskiya idan sun ji shi. A harin Las Vegas na 1 ga Oktoban 2017, da yawa daga cikin 'yan kallo sun ɗauka wasan wuta ake yi, suka tsaya a inda suke a sakannin farko.

Salansa ba ta kashe ƙara

Hiram Percy Maxim, ɗan wancan Maxim ɗin, shi ya yi rajistar salansar bindiga a 1909, kuma dabararta ɗaya ce da ta salansar mota: a ba iska mai zafi ɗakuna ta bi ta huce kafin ta fita. A ma'aunin ƙarfin sauti, harbi yakan kai tsakanin desibel 140 zuwa 170 a kusa da bindiga, salansa kuwa tana rage kimanin 20 zuwa 35 ne kawai, saboda haka babbar bindiga mai salansa har yanzu tana da ƙarar da za ta cutar da kunne. Sa'annan salansa ƙarar baki kaɗai take taɓawa, ba ruwanta da tsawar harsashi, wadda can a kan hanya ake yin ta. Bindigogin da suka yi shiru da gaske, irin De Lisle da Birtaniya ta ƙera a Yaƙin Duniya na Biyu, sun haɗa babbar salansa ne da harsashin da bai kai sauti gudu ba, kuma a nan sai ƙarar sakata ta fito fili ta zama abin da aka fi ji.

Ƙasashe sun rabu a kan salansa. A Finland da Norway mafarauta da yawa suna amfani da ita a matsayin kariyar kunnensu da na karnukansu da na maƙwabta. Amurka kuwa ta sa ta ƙarƙashin doka ta musamman tun 1934, wasu ƙasashen sun hana farar hula ita ɗungum, bisa hujjar cewa tana wahalar da gane inda harbi ya fito. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, amma muhawarar takan lalace idan aka gina ta a kan ɗan fit ɗin da ake ji a fim.

Kunne a gaban masu bincike

Tsofaffin sojoji sukan ce suna bambanta AK da M16 da ji, kuma ban ƙaryata su ba. Wanda ya shekara yana jin bindigogi iri biyu a daji ɗaya zai iya raba mai kaurin murya da jinkirin kiɗa da mai siririyar murya da saurin kiɗa. Masana sauti kuwa suna cewa nisa, da ɓangaren da baki ya fuskanta, da gine-ginen wurin, da na'urar da ta naɗa, suna sauya ƙarar fiye da yadda bambancin ƙira ke sauya ta. Makirfon waya an yi shi ne don muryar mutum. Idan ƙara ta fi ƙarfinsa yakan yanke kanta, wayar ta rage sauti da kanta, sa'annan manhajar aikawa ta matse faifan. Abin da ya isa kunnenka inuwar harbin ce. Kuma ko da an tabbatar AK ce, an ƙera miliyoyinta a ƙasashe da yawa, tana hannun soja da ɗan tawaye da ɓarawo, ƙararta ba ta faɗin wanda ke riƙe da ita.

Ƙwararru ma sun taɓa tuntuɓe. A 1979 wani kwamitin Majalisar Wakilan Amurka ya dogara da faifan rediyon 'yan sandan Dalas ya ce mai yiwuwa ne maharba biyu suka harbi Shugaba Kennedy a 1963. A 1982 kwamitin Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ya sake nazarin faifan ya ce sautukan da aka ɗauka harbi ne an naɗe su kimanin minti guda bayan an gama harbin.

Inda sauti ya yi aiki sosai shi ne inda aka tambaye shi lokaci. Bayan kashe 'yar jaridar Al Jazeera, Shireen Abu Akleh, a Jenin da ke Yammacin Kogin Jordan ranar 11 ga Mayun 2022, Farfesa Robert Maher na Jami'ar Jihar Montana ya auna tazarar da ke tsakanin tsawar harsashi da ƙarar baki a faifan bidiyo, kusan sulusin sakan, ya lissafa cewa maharbin yana nisan ƙasa kaɗan da mita 200. Sautin bai ambaci sunan kowa ba, nisa kawai ya bayar, kuma sai da aka ɗauka wani irin harsashi ne mai wani gudu kafin lissafin ya fita. Hotuna da taswira ne suka nuna cewa motocin sojan Isra'ila suna wajen wannan nisa, kuma a Satumban shekarar rundunar ta ce akwai yiwuwa mai ƙarfi harsashin sojanta ne, ko da yake ta ce ba da gangan ba. An ce gani ya kori ji, amma a nan ji da gani ne suka tallafi juna.

Da wannan lissafin lokaci ne na'urorin ShotSpotter ke aiki a biranen Amurka: makirfo da yawa a kan gine-gine, kowanne ya ji ƙarar a lokaci daban, a haɗa bambancin a fitar da wuri. Magoya bayansu sun ce suna kai 'yan sanda da motar asibiti ga wanda aka harba ko ba wanda ya buga waya. Amma binciken babban sufeton birnin Shikago na 2021 ya gano cewa kimanin kashi 9 cikin 100 ne kawai na kiraye-kirayen suka kai ga samun shaidar laifin bindiga, kuma birnin ya daina amfani da su a 2024.

Abin da ya shafi kowa

Cutar da ƙarar bindiga ta fi yi wa mutane ita ce wadda ba a magana a kanta. Daga desibel 140, ƙara guda ɗaya tana iya lalata ƙananan gasun da ke can cikin kunne masu mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, kuma waɗannan idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Kukan kunne marar yankewa shi ne larurar da tsofaffin sojojin Amurka suka fi karɓar diyya a kanta. Harbi a cikin ɗaki ko mota ya fi muni saboda bango yana dawo da ƙarar, kunnen yara kuma ya fi rauni. Duk wanda aikinsa ya haɗa shi da bindiga, ko soja ne ko ɗan sanda ko mafarauci, toshe kunne a wurin horo wajibi ne a kansa, kuma abin takaici ne yadda ake ɗaukar hakan ragwanci.

Wanda kuma ya tsinci kansa inda ake harbi, kada ya tsaya tantance ƙira. Idan ya ji tau mai kaifi kafin dum, harsashi ta kusa da shi yake wucewa, abin yi shi ne ya kwanta ya nemi bayan abu mai kauri, kuma kada ya amince da ɓangaren da kunnensa ya nuna masa, domin tsawar harsashi da amsa-kuwwa duka suna karkatar da ji.

Ga mai riƙe da bindiga kuwa, ƙararraki biyu mafi haɗari su ne mafi ƙanƙanta. Ta farko ita ce ƙas ba tare da harbi ba: mai yiwuwa harsashin ya mutu, mai yiwuwa kuma yana ci ne a hankali zai tashi bayan 'yan sakanni, shi ya sa ake koyar da a bar baki yana fuskantar wuri marar haɗari na aƙalla sakan 30 kafin a buɗe. Ta biyu ita ce harbi mai rauni, ɗan fau ba tare da turin da aka saba ji a kafaɗa ba. Wannan yana nufin albarushi bai isa ba kuma harsashin yana iya maƙalewa a tsakiyar bututu. Idan aka sake harba wani a bayansa, bututun zai iya tsagewa a hannun mai harbi, don haka da an ji wannan ƙara sai a tsaya, a cire harsasai, a duba bututun daga baya har a ga haske ya ratsa shi.